Gindin Lallen Inna Habi

Ranar da Jimrau magini ya shigo gidan da igiyarsa da tsohon kwanon toka, Inna Habi na zaune ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Bazara ce irin ta Dakoro, wadda kaji ke buɗe baki su laɓe ƙarƙashin rumbu. Alhaji Harisu na gaba, riƙe da wata faffaɗar takarda da aka zano masa a Maradi. Jimrau na biye, yana kafa turaku, yana jan igiya, yana zuba toka bisa rairayi.

Harisu ƙanen mijin Habi ne, marigayi Mahamadu. Yana ɗan mitsitsi uwarsu ta rasu, Habi na amarya ta ɗauke shi ta goya. Shi ya sa har yau, da gemunsa da Makkarsa, Inna yake ce mata, ita kuma ta ce masa Auta. Allah ya buɗa masa a fataucin bisashe, ɗakunan ƙasa suka yi masa kaɗan. Zai tayar da babban salo na tarbar baƙi, da ɗakunan kwana, da dush na wanka cikin ɗaki, da wurin aje mota.

"Inna, kin ga inda salo za ya zauna?" in ji shi, yana nuni da takardar. "Daga nan har gindin katanga. In kinka shiga, sai kin ɗaga murya kahin na can ƙurya shi ji ki."

"Allah shi sa albarka, Auta. Allah shi sa a shiga da rai."

"Ke ma ba a mance da ke ba. In anka gama wanga, naki za a tayar. Bangon birgin siminti da ruhin tol, har da taga ta ƙarhe."

Ta yi dariya. "Ni da ke jiran ɗakin da babu taga, mi zan yi da ta ƙarhe?"

Ba ta rufe baki ba ta ga igiyar ta karya kwana, ta bi ta bayan ɗakinta. Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta aje faifan ta miƙe.

Tsakanin bangon ɗakinta da katangar gida akwai wani ɗan lungu, mai tsabta kamar an lashe. Bishiyar lalle ce tsaye a wurin, ta tsufa har gindinta ya yi kauri. A ƙarƙashinta akwai ɓarin tsohon tulu guda uku, a kife, rairayi ya kusa cinye su. Jimrau ya duƙa, ya zuba tokarsa ta kewaye lallen ta kowane gefe.

"Nan hwa, mi za a yi?" ta tambaya.

"Fos, Inna," in ji Jimrau. "Ramin da ruwan dush da na bayi za su riƙa taruwa."

A zamanin da Habi ke haihuwa, jinjiri in ya koma ba a kai shi maƙabarta. Cikin gida ake yi masa ɗan wuri, kusa da ɗakin uwarsa, a kifa ɓarin tulu a kai. Sau uku Habi ta haihu, sau uku aka haƙa lungun nan. Na fari namiji, bai kai suna ba. Ta biyu Zuhura, ta fara haƙori zazzaɓi ya ɗauke ta. Na uku ko kuka bai yi ba. Daga nan haihuwa ta tsaya. Ita ta dasa lallen da hannunta, kuma tun daga lokacin, duk ruwan da ya rage a butarta bayan alwala, nan take kai shi.

Sai dai Habi irin matan da ne. A gidansu mace ba ta ambaton ɗan farinta, balle ta tsaya gaban maza tana zancen abin da cikinta ya haifa. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, kunya ta maida ta.

"Auta, lallena ne nan."

Harisu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Lalle, Inna? Bari ranar kasuwa in sayo miki buhu guda, ki ƙunsa har gwiwa."

Jimrau ya dubi fuskar tsohuwar, ya dubi ƙasa. "Alhaji, ana iya kai shi can kusurwa, wajen turken awaki. Tiyo kawai za a ƙara, bututun da ke kai ruwan."

"A'a. An riga an yi lissahi, kowace dala an san inda za ta. Ka taɓa nan, can shi ruguje." Ya naɗe takardarsa, suka wuce.

Da la'asar Habi ta kai ruwan butarta kamar kullum. Ta tsaya tana kallon zanen tokar. Ta sa ƙafa za ta share, sai ta fasa. Ta ce a ranta yaro ne, mantuwa ya yi, in ya tuna shi da kansa zai share.

Bayan ƴan kwanaki motar kamiyo ta sauke siminti a ƙofar gida. Hadari ya fara leƙowa ta gabas, Jimrau ya ce siminti da laima ba su shiri. Aka duba ɗakunan gidan kaf, babu wanda ba ya ɗiga sai na Habi, don ita duk shekara sai ta sa an yi wa rufinta yaɓe.

"Na ɗan lokaci ne, Inna," in ji Harisu. "Kin san in ruwa ya taɓa shi, dutse shika zama. Kuma gare ki babu mai sa hannu."

Aka jera buhuna tun daga ƙasa har kusa da rufi. Aka tura gadonta jikin ƙofa, aka fitar da kwallayenta ƙarƙashin rumfa. Duk buhun da aka ɗaga sai ƙura ta turnuƙe ɗakin. Tana sauka bisa shimfiɗarta, da cikin ƙwaryar furarta, har tasbaharta ta yi fari. Tari ya kama ta. Gani take ɗakin ba wani abu ba ne, in dai za a bar mata lungun.

Da ta ga tokar na nan, har an ƙara kafa turaku, sai ta nufi Rahinatu, matar Harisu. Ta same ta a madafa tana tankaɗe. Rahinatu ba muguwa ba ce. Ita ke aika mata tuwo da zafinsa, kuma ba ta taɓa ɗaga mata murya ba.

Habi ta zauna bisa turmi. Ta yi zancen zafi, ta yi zancen tsadar hatsi. Sannan ta dubi bango ta ce, "Rahi, wurin can da anka zuba toka, akwai mutane a ciki."

"Mutane, Inna?"

"Ƙanana. Nawa."

Rahinatu ta aje rariya. Idonta ya kawo ruwa, da gaske. "Allah shi jiƙansu. Wallahi ban sani ba, Inna. Ni duk zamana gidan ga na ɗauka son lallen ne kawai."

"Ki gaya mishi. Ni bakina ba ya iyawa."

"Zan gaya mishi." Ta ɗauki rariyar, ta juya ta a hannu. "Sai dai kin san kusurwar can da Jimrau ya ce, nan sabuwar madahwa za ta zauna. Rami kusa da abinci, ga yara. Kuma Inna, ai su ɗiyan aljanna ne. Ba su nan wurin, suna can inda ya hi nan."

"Na sani. Amma nan na aje su."

Ko Rahinatu ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, Habi ba ta ga alama ba. Aka haƙa tushen gini, birgi ya fara hawa. Gidan ya cika da masu aiki da ƙarar shebur. Habi ta ɗauke tabarmarta ta maida gindin lallen. Nan take wuni. Biki ta daina zuwa, gaisuwar mutuwa ma sai ta aika. In masu aiki suka zo za su jibge yashi a lungun, ta ce su matsa gaba. Ranar da ɗayansu ya zagayo zai tsuguna, ta kore shi da muciya. Suka sa mata suna Mai Gadin Lalle.

"Inna, nawa Alhaji ke biyan ki wata?" su ce.

"Abin da shika biyan ku, har da ƙari," ta ce, su yi dariya su wuce.

Wata safiya ta jiyo muryar Harisu a rumfa. Ta leƙa ta gan shi zaune, an shimfiɗa masa karo kala biyu, fale-falen nan masu santsi da ake wa daɓe. Wanda ya kawo su na cewa farin ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma shi manyan mutane ke sawa a Maradi.

"A sa farin," in ji Harisu. "Salo ai shi ne huskar gida."

Habi ta jira mutumin ya fita. Ta zo ta zauna gefen tabarmar, abin da ba ta saba ba. Ta ja lulluɓinta ta rufe rabin fuska.

"Auta, ka tuna Zuhura?"

Ya ɗago kai.

"Kai ke goyon ta. Bayanka take barci. Ranar da ta koma, yayanka na haƙa, kai kana kuka kana cewa kar a sa mata ƙasa a ido. Kai ka ruga ka ɗauko hwasasshen tulun da anka kihwa mata. Shina nan inda ka aje shi."

Harisu ya shafa farin karon da yatsa, ya sake shafawa. Habi ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ce a ranta shi ke nan, ya tuna.

"Inna, abin ga ya daɗe," ya ce a hankali. "Yanzu ai sun zama ƙasa."

"Ƙasar nika roƙo."

"Na tambayi malamai. Sun ce in wuri ya daɗe haka, babu laihi."

"Wane malami?"

"Malamai dai." Ya gyara hula. "Ba wai ban ji ba ne. Amma ki duba, ƙarhe ya tashi, siminti ya tashi, masu aiki kullum sai an sallame su. In na ce a ja tiyo har can, sai an sake lissahi tun daga tushe. Ni kaɗai ke ɗauke da gidan ga."

"Tiyon ya kai tsadar wanga?" Ta nuna farin karon.

"Wanga daban, wancan daban, Inna. Ba za ki gane ba." Salularsa ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri kamar wanda aka ceto. Yana tafiya ya waiwayo. "Ki bari in gani. Ba yau za a haƙa ba."

Wannan kalma ta riƙe. Ba yau ba. Kowace safiya in ta ga masu aiki sun nufi wani gefen, sai ta gode wa Allah, ta zuba ruwanta. Tarin dai na ƙaruwa, har in ya taso mata sai ta dafa bango. Zanenta ya fara yi mata yawa.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Sabon Maci cewa A'ishatu, ɗiyar ƙanenta, ta sauka lafiya. Habi ta yi murna, ta ce a kai musu barka, ita ba ta iya zuwa. Da maraice sai ga Harisu da kansa har ƙofar ɗakinta, da turmin zane da sabulai, ana jaye da rago a bayansa.

"Inna, a ce A'i ta haihu ba ki je ba? Mi dangi za su ce da ni? Ga mota nan gobe ta kai ki har ƙohwar gida. Ki zauna a yi suna, ki sha iska, ki huta da ƙurar ga. Ji yadda kike tari."

Rabon da ya tsaya ƙofar ɗakinta haka har ta manta. Ta dubi ragon, ta dubi fuskarsa, ta ga yaron nan da take wa wanka a kwatanniya.

"Lallen hwa?"

"Rahinatu na ba shi ruwa. Ki tahi da hankalinki kwance."

Ta so ta ce ya rantse. Sai ta ji nauyi. Mutum ya kawo maka rago, ka ce ya rantse?

A Sabon Maci aka karɓe ta hannu bibbiyu. An yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa. Tarin ya lafa. Ta wuni rungume da jinjirin, tana shinshina kansa, ba ta son a karɓa. Mata na ta yaba ragon.

"Auta ne," take ce musu. "Ban haihe shi ba, amma wanda mutum ya haihwa ma sai haka. In kunka ga ginin da shika yi, sai kun riƙe baki. Har ni za a yi wa ɗaki da taga ta ƙarhe."

Aka yi suna aka watse. Motar da aka ce za ta dawo ɗaukarta ba ta zo ba. Aka kira Harisu, ya ce mota na gyara, ta ƙara haƙuri. Aka sake kira, ya ce ai babu gaggawa. A nan ta fara zargin wani abu. Ranar kasuwa ta ɗaure ƙunshinta, ta shiga motar ƴan kasuwa ba ta jira kowa ba.

Da rana tsaka ta iso. Ba ta shiga ɗakinta ba, ba ta aje ƙunshin ba, ta zagaya baya.

Babu lalle. Inda yake an shafe da murfin siminti mai faɗi, har ya bushe ya yi fari. Wani baƙin bututu ya fito daga gefensa, ya miƙe jikin bangon ɗakinta, bakinsa daidai ƴar tagarta. Wani cikin masu aiki ya shanya rigarsa a kai.

Ta tsaya. Ƙunshin ya zame daga kanta ya faɗi, ba ta duba ba. Ta taka a hankali har bakin murfin, ta tsuguna, ta dafa shi. Zafin rana ya ƙona mata tafi, ba ta ɗauke ba.

Jimrau ne ya sauko daga kan gini ya zo ya tsaya nesa kaɗan, hularsa a hannu.

"Sannu da hanya, Inna."

"Yaushe?"

"Washegarin da kinka tahi."

"Kun ga wani abu?"

"Ɓarin tulu ukku. Da ƙasar wurin, ta ɗan yi duhu, ba kamar sauran ba. Ban ga komi ba bayan wannan, wallahi. Na tsaida yara, na je na gaya ma Alhaji. Ya ce a ci gaba, hadari na tahe."

"Ina kunka kai ƙasar?"

Jimrau ya juya hular a hannunsa. "Salo na son ciko kahin a yi daɓe. Da za a sayo ƙasa amalanke-amalanke daga bayan gari. Alhaji ya ce ga ƙasa a gida, mi za a saya. Da burweti, baron tura kaya, munka kwashe ta."

"Duka?"

"Duka, Inna. Har ɓarin tulun."

Ta juya ta dubi salon. Ya kai rufi, ƙofarsa a buɗe, ana jiyo masu aiki a ciki suna buga daɓe suna waƙa.

"Ki yahe mini," in ji Jimrau. "Aiki anka ba ni. Ina da iyali."

"Je ka aikinka, ɗana."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta shiga ɗakinta ta tarar an kwashe simintin, an bar mata ƙurar. Ta zauna bakin gado har inuwa ta juya.

Harisu bai zo ba sai da ya ci abinci ya yi sallar la'asar. Ya tsaya daga waje yana magana da labule.

"Inna, an ce kin iso. Da kin jira mota ai. Na san ranki ya ɓaci. Don ke na yi haka, wallahi. Na ce in kina nan kina gani, abin za ya hi yi miki ciwo. Kuma ni ban ce a taɓa lallen ranar ba, Jimrau ne ya ce in ruwa ya sauka rami ba ya haƙuwa. Na sa an yi sadaka. Masa anka raba ma yara, da yawa. Kuma zancen ɗakinki na nan, da an gama wanga."

Daga ciki ta ce, "Na ji, Alhaji."

Ya ɗan tsaya. Tunda yake bai taɓa jin wannan suna a bakinta ba. Ya juya ya tafi.

Damina ta yi kyau a shekarar. Gini ya ci gaba, aka yi rufi, aka yi fenti, aka kafa ƙofar ƙarfe mai zanen furanni. Da aka zo kan ɗakin Habi sai aka ce kuɗi sun ƙare, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ba ta tambaya ba. Da aka fara amfani da dush ɗin, bututun nan ya riƙa busa mata wari ta taga, ta sa tsumma ta toshe tagar. Rahinatu na aiko tuwo da zafinsa, yana komawa da sanyinsa.

Abu ɗaya ne jikinta ya ƙi koya. In ta idar da alwala, ƙafafunta su ɗauke ta su zagaya baya, sai ta ga murfin siminti ta tsaya da buta a hannu. Ta rasa inda za ta zuba. Wata rana ta maida ruwan randa. Wata rana ta tsaya har ya tsiyaye bisa ƙafarta.

Bayan an ɗaure gero aka sa ranar buɗe gida. Aka yanka raguna, malamai suka yi addu'a, ƴan kasuwar bisashe suka zo har daga Ɗan Gulbi. Takalma suka taru a ƙofar salo kamar ƙofar masallaci. Kowa ya shiga sai ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ma sha Allah.

Harisu ya aika a kira Inna. Ta fito cikin zanen da ya ba ta na zuwa suna, butarta a hannu don lokacin azahar ya yi. Ta zo har bakin ƙofa ta tsaya. Farin karo ya shimfiɗu tun daga dokin ƙofa har ƙurya, yana ƙyalli, ƙafafun mutane na kai da kawowa a kai. Yara na gudu suna zamewa suna dariya.

"Jama'a, ga uwata," in ji Harisu da murya sama. "Ita ta goye ni. Duk abin da kunka gani nan, albarkarta ce. Inna, shigo ki sa muna albarka."

Mutane suka buɗa mata hanya. Ba ta ɗaga ƙafa ba.

"Shigo mana, Inna. Ko santsin kike tsoro? A riƙa mata hannu."

Aka yi dariya. Habi ta durƙusa a dokin ƙofar, gwiwoyinta na ƙara. Ta miƙa hannu ta shimfiɗa tafinta bisa karon. Sanyi gare shi. Ta shafa shi sannu-sannu, yadda ake shafa bayan jinjiri in ana son ya yi barci. Sannan ta karkata butar, ta zuba ɗan ruwan da ya rage. Bai nutse ba. Ya kwanta bisa santsin, ya gangara ya taɓa ƙafar wani baƙo.

"Inna, za ki kada mutane," in ji Rahinatu ƙasa-ƙasa, ta juya neman tsumma.

Habi ta dafa ƙofa ta miƙe. Ta dubi Harisu, ba da fushi ba.

"Allah shi sa albarka, Alhaji. Abu guda nika roƙo. Ka ce ma baƙinka su riƙa takawa a hankali."

Baƙi suka ɗauka zancen santsi take, suka ce tsohuwa ta yi gaskiya. Mutum uku ne a wurin suka san abin da ta ce. Jimrau ya aje kwanon namansa ya fita. Rahinatu ta duƙa tana goge ruwan, ba ta ɗago ba. Harisu ya dubi ƙasan ƙafafunsa, sannan wani ya ja hannunsa yana tambayar inda ya sayi labule, ya juya yana ba shi amsa.

Duk wanda ya bi ta unguwar yau zai ga gidan, babu kamarsa a layin. An lissafa ƙarfensa, an lissafa simintinsa, har ƙusar da aka kafa labule da ita an san kuɗinta, babu dala ɗaya da ta ɓata. Ƙasar cikon ce kaɗai aka samu kyauta.

Inna Habi na nan a ɗakinta na ƙasa, da tagarsa a toshe. Ba ta taɓa taka salon ba. Amma kullum da sassafe, kafin a buɗe ƙofar, Rahinatu kan tarar da ɗan ruwa kwance a dokin ƙofa. Da fari takan yi magana. Yanzu ta daina. Takan bar shi ya ɗan jima, sannan ta kawo tsumma.